Grand Canyon: An Killace Dutsen, Kogin Kuwa Yana Hannun Wasu



Sharhinmu na yau zai kai mu jihar Arizona, can kudu maso yammacin Amurka, inda Kogin Kolorado ya daɗe yana cin dutse har ya haƙa kwazazzabon da duniya ta sani da sunan Grand Canyon. Tsawonsa kilomita 446, kusan tafiyar Kano zuwa Abuja ke nan a mota. Faɗinsa a wasu wurare ya kai kilomita 29, zurfinsa kuwa ya haura mita 1,800. Mutum yana tsaye a bakinsa na sama cikin sanyi da dogayen itatuwa, alhali can ƙasa kusa da ruwa zafin hamada ne ke gasa dutse. Shi ya sa halittun da ba su saba zama ƙasa ɗaya ba suka haɗu a nan: tumakin dutse masu murɗaɗɗun ƙahoni, bareyi, zakin dutse, da tsuntsaye sama da iri 400. Kusan mutum miliyan 5 ne ke zuwa kallonsa duk shekara.

To, duk wanda ya taɓa ganin hotunan wurin a kalanda ko a wayarsa zai tuna ruwan nan na can ƙasa, kore shar, garau kamar an tace shi. Baƙi suna ganinsa suna cewa masha Allah. Ni kuwa a kan wannan ruwan nake so mu tsaya, domin asalin Kogin Kolorado ja ne, mai kauri, cike da laka da yashi. Garau ɗin da ake ɗauka hoto alama ce ta rauni. An yi wa kogin wani abu ne daga sama, a wajen iyakar gandun da aka killace, kuma masu gadin gandun ba su da ikon hanawa.

Labarin killace wurin ba shi da tsawo. Shugaba Theodore Roosevelt ya ziyarce shi a 1903, ya roƙi mutanen Arizona su bar shi yadda suka same shi. A 1908 ya sa hannu ya mai da shi wurin tarihi na ƙasa, a 1919 kuma majalisa ta ɗaga shi ya zama gandun ƙasa. Ba a yi wannan cikin ruwan sanyi ba. Akwai wani Ralph Cameron da ya bi ya yi rajistar filayen haƙar ma'adinai a kan babbar hanyar sauka cikin kwazazzabon, ba don yana haƙar wani abin kirki ba, sai don ya kafa shinge yana karɓar dala ɗaya a hannun duk mai son wucewa. Sai da maganar ta kai kotun ƙoli, aka kayar da shi a 1920. Bawan Allah bai haƙura ba, ya zama sanata, ya ci gaba da yi wa gandun zagon ƙasa daga cikin majalisa. A 1979 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin jerin kayan gadon duniya. A takarda ke nan an gama.

Amma kogi ba ya karanta takarda. Yammacin Amurka ƙasa ce mai ƙishirwa, kuma wannan kogin shi ne babbar randarta. Mutum kusan miliyan 40 ne ke dogara da shi, ga gonaki, ga birane irin su Las Vegas da Phoenix da Los Angeles. Tun 1922 jihohi bakwai suka zauna suka raba ruwansa, suka yi lissafi da shekarun da aka yi ruwa mai yawa, wato suka raba abin da ya fi wanda kogin ke kawowa. A yau da wuya ruwansa ya isa teku a Meziko.

A shekarun 1960 hukumar gina madatsun ruwa ta gwamnatin tarayya, ƙarƙashin shugabanta Floyd Dominy, ta shirya gina madatsu biyu a cikin kwazazzabon kansa, ɗaya a Marble Canyon ɗaya a Bridge Canyon. Hujjarsu har da cewa idan tafki ya cika, masu yawon buɗe ido za su shiga kwale-kwale su ga ganuwar dutse kusa da kusa. Ƙungiyar Sierra Club, wadda David Brower ke jagoranta, ta sayi shafuka a manyan jaridu a 1966, tana tambayar ko za a cika shahararriyar majami'ar nan ta fadar Paparoma da ruwa don baƙi su ga zanen rufinta da kyau. Washegarin fitar talla ta farko hukumar haraji ta taso wa ƙungiyar, daga baya ta janye mata rangwamen haraji. Wannan ya ƙara wa wutar fetur. Wasiƙu suka yi ta kwarara majalisa, a 1968 aka jingine madatsun biyu.

Ana yawan tsayawa a nan a yi tafi. Sai dai wutar lantarkin da madatsun za su bayar ai dole a samo ta wani wuri. Sai aka gina ƙatuwar tashar wuta mai ƙona kwal kusa da garin Page, a ƙasar ƙabilar Navajo, ana haƙo kwal ɗin daga ƙasar Navajo da Hopi. Hayaƙinta ya riƙa yi wa kwazazzabon hazo, har sai da aka rufe ta a 2019. An ceci dutse, talakan da ke gefe ya biya kuɗin.

Kuma kafin duk wannan rigima an riga an gina madatsar da ta fi kowace yin ɓarna. Madatsar Glen Canyon, mai tsayin mita 216, tana sama kaɗan da iyakar gandun, kuma an rufe ƙofofinta a 1963. Masu kare muhalli ba su yaƙe ta ba a lokacin, domin sun yi cinikin barin ta don a bar musu wani wurin a can sama, abin da Brower ya yi ta nadama a kansa har ya bar duniya. Ku saurari abin da ta yi wa kogin.

Da, idan ƙanƙarar duwatsun arewa ta narke, kogin kan tumbatsa ya zo da laka da yashi, ya share gaɓa, ya shimfiɗa sababbin tudun rairayi, ya buɗe ƙananan lunguna masu ruwan ɗumi inda 'ya'yan kifi ke girma. Da hunturu ruwan ya kusa daskarewa, da bazara ya kai kusan digiri 30. Bayan madatsa, sama da kashi 90 cikin 100 na yashin nan ya riƙa kwanciya a gindin tafkin Powell da ya taru a bayanta. Ruwan da ake saki kuma daga can ƙarƙashin tafki yake fitowa, sanyi ƙalau, wajen digiri 8, rani da damina. Hawa da saukarsa ma ya daina bin yanayi, ya koma bin bukatar wuta. Idan mutanen Phoenix suka kunna na'urar sanyaya ɗaki da rana, kogi ya cika. Idan dare ya yi suka kashe, kogi ya janye. Tudun rairayi suka yi ta zaizayewa babu mai mayarwa.

Asalin kifayen wurin iri takwas ne. Uku sun ɓace daga kwazazzabon, ciki har da wani ƙato da a da yakan kai tsayin mutum. Cikin biyar ɗin da suka rage akwai wani mai tozo a ƙeya da 'yan ƙananan idanu, wanda Allah ya halitta don ruwan laka mai ƙarfi, kuma babu shi ko'ina a duniya sai a wannan kogin da rassansa. Abin da ya cece shi wani reshe ne, Ƙaramin Kolorado, wanda ruwansa na nan da ɗuminsa, sai ya riƙa shiga can yana hayayyafa. A babban kogin kuwa kifayen ruwan sanyi da aka kawo daga waje don masu fatsa su ne suka yi kane-kane, suna cin 'ya'yansa.

A 1992 majalisa ta yi dokar da ta tilasta wa masu madatsar su riƙa duba lafiyar kwazazzabon wajen sakin ruwa. A watan Maris na 1996 aka yi abin da ba a taɓa yi ba, aka buɗe ƙofofi da gangan aka yi ambaliyar gwaji ta mako guda. Tudun rairayi suka dawo, aka yi murna, ba da daɗewa ba suka sake zaizayewa. Daga nan masana suka gane cewa ambaliya ba ta ƙirƙirar yashi, wanda ta tarar kawai take kwashewa. Yanzu sai a jira wani ƙaramin kogi mai suna Paria, wanda ke shigowa a ƙasan madatsar, ya yi tasa ambaliyar ya zubo yashi, sannan a saki ruwa na 'yan kwanaki ya ɗaga yashin ya ɗora a gaɓa. An maimaita haka sau da dama, har da watan Afrilu na 2023. Duk ruwan da ya bi ta gefe bai bi ta injin wuta ba asarar kuɗi ce, don haka kowace ambaliya sai an yi ja-in-ja kafin a yarda.

Mutanen Haɗeja da Nguru da Gashuwa ba sa bukatar a fassara musu wannan. Tun da aka gina Tiga a 1974 da Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamunsu ta sauya, ruwa ya koma tafiya kaɗan-kaɗan duk shekara, kachala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa. Mai riƙe da makullin madatsa a Kano shi ke yanke wa masunci da tsuntsun Dagona hukunci, ko ya sani ko bai sani ba.

Mu koma Arizona, domin labarin ya sake juyawa. Tun shekarar 2000 fari ya kama yankin, tafkin Powell ya yi ta ja baya, har a farkon 2023 bai kai rubu'in cikarsa ba. Da ruwa ya yi ƙasa, sai ruwan sama-sama mai ɗumi ya fara bi ta injinan. Kifin nan mai tozo ya ji daɗi, ya yaɗu zuwa yammacin kwazazzabon, kuma a 2021 an sauke shi daga sahun waɗanda ke gab da ƙarewa zuwa sahun waɗanda ake sa wa ido. Amma tare da ruwan ɗumin wani baƙon kifi mafarauci, ana ce masa bas, ya tsallako daga tafki, a 2022 aka tarar ya fara hayayyafa a ƙasan madatsar. Kun san maganin da aka yi masa? A 2024 aka riƙa sakin ruwan sanyi daga ƙasan tafki don a hana shi ƙyanƙyasa. Sanyin da aka shekara 60 ana kuka da shi, shi aka koma ana roƙo. An gudu ba a tsira ba.

Mu ɗaga kai sama kuma. Akwai wata ungulu da ake kira kondo, wadda idan ta buɗe fukafukanta sukan kai kusan mita 3. Babu tsuntsun da ya kai ta faɗin fiffike a Arewacin Amurka. A 1982 guda 22 kacal suka rage a duniya. Hukuma ta yanke shawara mai ɗaci, ta kame dukkansu, na ƙarshe a 1987, aka tara 27 a gidajen namun daji na San Diego da Los Angeles. Mace ƙwai ɗaya take yi, galibi shekara biyu sau ɗaya. Sai ma'aikata suka riƙa ɗauke ƙwan don ta sake yin wani, su ƙyanƙyashe shi a inji, su ciyar da ɗan tsakon da safar hannu mai siffar kan uwarsa don kada ya saba da mutum. A Disambar 1996 aka saki guda shida a duwatsun Vermilion, arewa da kwazazzabon. A 2003 aka ga ɗan farko da aka ƙyanƙyashe a kogon dutse ya tashi da kansa a cikin gandun. Yau jimillarsu a duniya ta haura 500.

An haramta farauta a cikin gandun. Amma ungulu tana iya yin tafiyar kilomita fiye da 100 a yini, kuma a dajin Kaibab da ke maƙwabtaka farautar barewa halal ce. Maharbi ya harbi barewa da harsashin dalma, harsashin ya tarwatse cikin nama ya zama ɗaruruwan ɓarɓashi, ya feɗe ya ɗauki namansa ya bar kayan ciki a daji. Ungulu ta sauka ta ci. Gubar dalma ce kan gaba wajen kashe su, kusan rabin waɗanda aka gano sanadin mutuwarsu. Mu da muka ga abin da dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 mun san ba guba ce ta wasa ba. Don haka duk shekara sai an ɗana musu tarko an kama su, an ɗebi jini, wanda gubar ta yi wa yawa a kai shi jinya. Kusan kowace tana yawo da lamba a fiffike da 'yar na'urar bibiya.

Jihar Kalifoniya ta haramta harsashin dalma a farauta gaba ɗaya daga 2019. Arizona ta bi wata hanya: tun 2005 take ba maharban Kaibab harsashin jan ƙarfe kyauta, ko ta roƙe su su kwaso kayan cikin su fito da su daga daji. Mafi yawansu sun amsa. A ganina wannan dabara ta lallashi tana da daraja, domin maharbin da aka mutunta yakan zama ɗan gari a harkar, wanda aka yi wa dole kuwa yakan jira dare. Amma gaskiya ɗaya ce, mushe guda mai dalma ya isa ya kwantar da ungulu goma, saboda tare suke ci. Ga kuma murar tsuntsaye da ta kashe 21 a garken Arizona a 2023.

Dajin Kaibab ɗin nan ya taɓa koya wa hukuma karatu. A 1906 aka hana farautar barewa a cikinsa, aka kuma sa maharban gwamnati su kashe zakunan dutse da kyarketai da diloli don a kare barewar. Bareyi suka yi yawa har suka cinye duk ganyen da bakinsu ya kai, daga 1924 yunwa ta riƙa kashe su dubbai. Har wani ya yi kwangilar koro su da ƙararrawa da gwangwani ya tsallakar da su kwazazzabon zuwa ɗaya gefen. Ko ɗaya ba ta tsallaka ba.

Sai maganar mutane, wadda littattafan talla ba su cika son ta ba. Kwazazzabon nan ba kango ba ne lokacin da Turawa suka iso. Ƙabilu 11 ne hukumar gandun ta amince suna da alaƙar gado da shi. 'Yan Havasupai sun yi ɗaruruwan shekaru suna noman masara da wake da kabewa a ƙasan kwari da bazara, da hunturu su hau tudu farauta. A 1882 gwamnati ta matse su cikin eka 518 a gindin wani kwari. Da aka kafa gandu aka bi sauran aka kora. Wani dattijo da ake kira Kyaftin Burro shi ne na ƙarshe da aka fitar daga gonarsa da ke kan babbar hanyar masu yawo, a 1928, shekara na zagayowa ya rasu. Sai a 1975, bayan doguwar gwagwarmaya a majalisa, aka mayar musu da eka 185,000. Abin takaici, cikin waɗanda suka fara adawa da mayarwar har da wasu masu kare muhalli, wai kada a taɓa gandu. A 2022 aka sauya wa wurin gonar dattijon suna, aka sa masa na ƙabilarsa.

Yau ƙauyensu, Supai, yana da nisan kilomita 13 daga inda mota ke tsayawa, har yanzu alfadarai ne ke kai musu wasiƙa. Su ke da iko da shahararrun magangarun ruwan da ke ƙasarsu, su ke ƙayyade yawan baƙi, su ke karɓar kuɗin, kuma da annobar korona ta zo suka rufe ƙofa kusan shekara uku ba su nemi izinin kowa ba. Maƙwabtansu Hualapai sun gina gadar gilashi a bakin dutse a 2007 suna samun kuɗi da ita. Navajo kuwa, da aka zo musu da shirin motar igiya da za ta riƙa sauke dubban mutane kullum a mahaɗar kogunan da suke girmamawa, majalisarsu ta yi watsi da shi a 2017.

Su kansu masu shaƙatawa fa? Ba na cikin masu ganinsu a matsayin annoba. Ba don miliyoyin da suka taɓa tsayawa a bakin dutsen nan ba, da babu wanda zai rubuta wasiƙa a 1966. Amma ƙauna ma tana da nauyi. John Wesley Powell, tsohon soja mai hannu ɗaya, shi ya jagoranci ayarin da ya ratsa kogin da kwale-kwale a 1869, kuma har zuwa 1950 waɗanda suka yi wannan tafiya ba su kai 100 ba. A 1972 kaɗai sun haura 16,000. Tudun rairayin da suka rage suka cika da toka da shara da bayan gida. Hukuma ta taka burki, ta ƙayyade adadi, ta kafa doka cewa duk abin da ka shiga da shi sai ka fito da shi. Wuta a faranti ake hura ta, a kwashe tokar. Bayan gida, ku gafarce ni, a akwatin ƙarfe ake yin sa, a ɗauko shi a kwale-kwale har ƙarshen tafiya, ko da mako uku za a yi. Layin masu neman izinin tafiya da kansu ya yi tsawo har mutum kan jira sama da shekara 20, sai a 2006 aka koma jefa ƙuri'a. Attajiri da malamin makaranta duk doka ɗaya, kuma babu mai yin tafiyar fiye da sau ɗaya a shekara. Wannan ɓangaren ya yi aiki, domin yana cikin shinge, inda mai gadi ke da ta cewa.

Abin da ke wajen shinge shi ne har yanzu ake fama. A 2023 Shugaba Joe Biden ya killace ƙarin fili kusan eka miliyan ɗaya a kewayen gandun, bisa roƙon ƙabilun yankin, don a hana sabuwar haƙar yuraniyom. Amma wata mahaƙa da ke kudu da kwazazzabon ta riga dokar samun izini, ta kuma fara fitar da ma'adini a ƙarshen wannan shekarar. 'Yan Havasupai suna tsoron ruwan ƙarƙashin ƙasa, domin daga shi maɓuɓɓugarsu ɗaya tilo take fitowa. Kamfanin ya ce babu haɗari.

Ƙa'idojin da aka shimfiɗa a 2007 na yadda za a riƙa sakin ruwa daga tafkin Powell da na Mead da ke ƙasan kwazazzabon kuwa, wa'adinsu ƙarshen 2026 ne. Jihohi huɗu na saman kogin da uku na ƙasansa kowa na cewa ɗan'uwansa ne zai rage sha. Yawan ruwan da zai ratsa kwazazzabon, da sanyinsa ko ɗuminsa, da ko za a sake yin ambaliyar yashi, duk a teburin tattaunawar sababbin ƙa'idoji za a yanke su, tsakanin wakilan birane da na manoma da na masu sayar da wuta.